Wai Harry Piel jarumi ne?

Na-Hambog:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau dai sai na amayar da abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Sati uku na yi ina haɗa bayani a kan finafinan faɗa da kasada waɗanda Jamusawa da Faransawa suka yi tare tun fim bai fara magana ba. In taso daga aiki ƙarfe goma na dare, ga sanyi, in zauna in yi ta tono. Ranar Talata na saka shi a nan. Mutum biyu ne suka ɗaga min yatsa, ɗayansu ma na rantse bai karanta ba. Washegari aka saka hoton dambun nama, amsa arba'in da wani abu. To mu zauren tsofaffin finafinai ne ko zauren girki?

Abin da ya tunzura ni tun farko wani Bafaranshe ne a wurin aikinmu. Muna cin abinci ya ce wai Jamusawa ba su taɓa iya fim mai motsa jini ba, sai na duhu da mahaukata da inuwa a jikin bango. Na haɗiye, don ba na rigima a wurin neman abinci. Amma ga amsata.

Akwai wani mai suna Harry Piel, haifaffen Düsseldorf a 1892. Ya fara shirya fim a 1912. Laƙabinsa daraktan nakiya, domin fashewar da ake gani a finafinansa ta gaske ce. Yana da aboki mai sana'ar rushe gine-gine, in za a tashi wani gini sai ya tsegunta masa, shi kuma ya kwaso kyamara ya kafa. Daga 1919 ya fara fitowa da kansa: tseren mota, hawa rufin gini, shiga kejin namun daji. A 1924 da 1925 ya yi aiki da wani darakta na Faransa, Gérard Bourgeois. Cikin abin da suka fitar a 1925 akwai Zigano, akwai kuma wanda Jamusawa suka kira Schneller als der Tod, wato "ya fi mutuwa sauri", Faransawa kuma suka sa masa Face à la mort, wato "ido da ido da mutuwa".

Maganata ita ce haɗin gwiwar nan suna ne kawai. Fuskar da ke jikin fasta ta Piel ce, don shi ake sayen tikiti, shi ne kuma rabin ba da umarni. Faransawa 'yan rakiya ne. Jarumin guda ɗaya ne, kuma Bajamushe ne. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Ayya Na-Hambog, yi haƙuri, dambun nawa ne, ban san zai tsone maka ido ba. Na buɗe rubutun naka na ga tsawonsa, na ce sai yara sun yi barci. Ni na riga su.

Malamin Hausa:
Sannu da ƙoƙari Na-Hambog. Rigimar Jamus da Faransa ba gonata ba ce, ba zan shiga ba. Kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya. Ka ce "jarumi". Jarumi a Hausa shi ne wanda ya tari mutuwa da ƙirji alhali ga hanyar gudu a buɗe. Barde a fagen daga, ko wanda ya faɗa rijiya ya fito da ɗan wani. Mutumin da aka biya kuɗi, aka shafa masa hoda, aka ce in an ƙirga uku ka yi tsalle, ga katifa an shimfiɗa a ƙasa, sunansa ɗan wasa. Ka gyara wannan sai mu ci gaba.

Auta:
Malam ai yanzu kowa haka yake cewa, har gidajen rediyo. Ko wadda ta fito sau ɗaya ta miƙa ruwa a kofi jaruma ce.

Malamin Hausa:
Ai nan ne ciwon, Auta. Yawan masu faɗa ba ya mai da kuskure daidai. Gobe in sojan da ya tsare gari shi kaɗai ya mutu, da wace kalma za mu yi masa kirari, tunda mun riga mun rabar da ita ga masu rawa?

Na-Hambog:
Allah gafarta Malam, na yarda da ma'anarka, kuma ko da ita aka auna Piel ya ci sunan. A wancan zamanin babu kwamfutar da za ta zana maka wuta ko damisa. Wutar wuta ce, damisar kuma tana da haƙora. Wanda ya shiga keji ɗaya da ita ya rufe ƙofa, wace katifa ce za ta cece shi? Amma don Allah mu koma kan batu. Na ce Faransawa 'yan rakiya ne.

Badamagare:
Zan zo kan 'yan rakiyar, amma bari in fara taya Malam. Na-Hambog, a sati ukun da ka yi kana tono, ba ka ci karo da sunan Hermann Stetza ba? Ko ka gani ka tsallake? Shi ne mutumin da yake shigar wa Piel wuraren da suka fi haɗari har zuwa 1924. A sa masa kaya irin na Piel, a ɗauko shi daga nesa yana lilo a sama, sannan a yanka a nuno fuskar Piel kusa yana share gumi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In akwai jarumi a maganar nan to wanda ba a rubuta sunansa a fasta ba ne.

Na-Hambog:
Kai da bakinka ka ce har zuwa 1924. Finafinan da nake magana a kansu na 1925 ne. Ka ɗebo ruwan dafa kanka.

Badamagare:
Wanda ya yi shekara biyar yana cin suna da ƙashin bayan wani, rana ɗaya zai wayi gari barde? To madalla.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi a hankali. Ni dai a nawa ganin, in ana maganar wanda ya sa jikinsa a haɗari a zamanin nan, a je Amurka. Buster Keaton a 1924 ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi a kan dogo, wuyansa ya tsage, ya tashi ya ci gaba da aiki, bai ma san ya karye ba sai bayan shekaru da likita ya ɗauki hoto. A 1928 kuma ya tsaya aka sako masa bangon gida sukutum, tagar sama ce kaɗai ta ratsa ta kansa. Shi kansa Piel ai da Douglas Fairbanks ake kwatanta shi, ba a taɓa kwatanta Fairbanks da shi ba. Wannan shawara ce kawai.

Mai Majigi:
Ku yaran nan kuna ba ni dariya. Mu da muka yi kallo a fili, allo ya fi gidan wani tsayi, sama ce rufinmu, ba mu san wani jarumi ba. Akta muke cewa, abokin gabarsa kuma bos. Akta ba ya mutuwa, in ya mutu a farko to za a dawo da shi ko ɗansa ya girma. Kuma ba ma jin yaren, ko na Indiya ko na Sin, amma in mun fito mu ba ka labarin tiryan-tiryan har da abin da ba a faɗa ba. Kafin nan ma akwai majigi da ake kawowa ƙofar fada da mota, ga mai bayani riƙe da lasifika yana faɗin abin da ya ga dama. Na tuna wani dare iska ta kaɗa farin ƙyallen, fuskar mutumin da ke ciki ta karkace, tsofaffi suka ja da baya suna salati.

Abin da ya sa na kawo wannan, fim marar magana ba ya da ƙasa sai wadda aka liƙa masa. Maganar 'yan wasa a kati ake rubuta ta a saka tsakanin hotuna. Ka yanke katin Jamusanci ka manna na Faransanci, shi ke nan ya zama na Paris. Shi ya sa Bajamushe da Bafaranshe za su tsaya gaban kyamara ɗaya kowa yana motsa baki da yaren uwarsa, mai kallo bai sani ba. Da magana ta shigo daga 1927 zuwa sama sai wannan sauƙin ya ƙare. Don haka ni Piel akta ne. Ku bar jarumi ya huta.

Malamin Hausa:
Baba ka ga gaskiya. Akta aro ne, amma aron da bai ƙwace wa kowa gado ba.

Auta:
Don Allah wa yake da fim ɗin ya turo mana? Wannan na ya fi mutuwa sauri.

Badamagare:
Yanzu in zo kan 'yan rakiya. Shi Piel ɗin a ina ya fara shaƙar warin fim? A 1911 ya tafi Paris da niyyar koyon wasa da jirgin sama, can ya haɗu da darakta Léonce Perret, ya shiga harkar ta ƙofar kamfanin Gaumont. Gaumont ɗin da Louis Feuillade ya yi Fantômas a cikinsa a 1913, ya biyo da Les Vampires a 1915: ɓarayi a kan rufin gidaje, ƙofofin ɓoye, bin juna da mota, kashi bayan kashi mutane na dawowa su ga ci gaba. Duk abin da Piel ya yi suna da shi an riga an dafa shi a can. Bourgeois kuma ya girme shi da shekara 18, ya daɗe yana ba da umarni tun Piel bai san inda ake leƙa kyamara ba. Ga José Davert a fim ɗin da kake yabo, ga Denise Legeay a Zigano. Ɗan koyo ne ya koma gidan malamansa, kai kuma ka ce malaman ne 'yan rakiya.

Na-Hambog:
Bourgeois ɗin naka a Geneva aka haife shi, ƙasar Suwizalan. Ko wanda kuke taƙama da shi ma aro ne.

Badamagare:
Kai a Hambog aka haife ka da kake wa Jamus kirari?

Na-Hambog:
Ni aƙalla gumina nake ci a can. Kai me Faransa ta ba ka banda lakkwal da karin harshe? Na lura tun shigowarka zauren nan ba a taɓa Faransa ka yi shiru. Biri ya yi kama da mutum.

Badamagare:
A'a, tsaya nan. Kar ka kuskura. Mu ne muka kwana a titi a Yamai har sojojinsu suka tattara suka fita a Disamban 2023, kai kana can kana ɗumama hannu a hita. Mu ne muka taso da labarin abin da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine suka yi wa Birnin Ƙonni a 1899, ba a littafi muka fara ji ba, a bakin kakanni. In kana neman wadda ta cancanci kalmar da Malam yake karewa, to Sarauniya Mangu ce ta Lugu da ta tsaya musu. Ni Feuillade nake karewa, ba gwamnatin Faransa ba. Mutum ya ce tuwon maƙiyinsa ya yi daɗi ba shi ne ya zama ɗan gidansu ba.

Malamin Hausa:
Yauwa. Sarauniya jaruma. Ka ji inda kalmar ta zauna daram. Yanzu ɗauko ta daga nan ka ɗora wa mai tsalle daga mota ka ji yadda take rawa.

Akawu:
Ina ta karantawa ina jiran wani ya tambayi abin da ya fi ba ni mamaki, ba wanda ya tambaya. Yaya aka yi mutanen nan suka yi fim tare a wannan lokacin? Yaƙi ya ƙare 1918. Masu gidajen silima a Faransa sun ƙaurace wa finafinan Jamus bayan yaƙin. A Janairun 1923 sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr na Jamus saboda bashin diyyar yaƙi, ba su fita ba sai Agustan 1925. Düsseldorf ɗin da aka haifi Piel tana hannun sojan Faransa tun Maris 1921. Wato lokacin da yake aiki da Bourgeois, sojan Faransa ne ke sintiri a garinsu.

Amsar kuɗi ce. A Nuwamban 1923 dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Muddin kuɗin Jamus na zubewa, shirya fim a can araha ne, ka biya ma'aikata da takarda marar daraja ka sayar da fim a waje ka karɓi kuɗi mai nauyi. Da aka sauya kuɗin ya tsaya da ƙafarsa, wannan garaɓasar ta ƙare, tsada ta dawo, finafinan Amurka kuma suka kwararo. Su Faransa dama mafi yawan abin da ake haskawa a gidajen kallonsu na Amurka ne. Ba ƙasar da kasuwarta ita kaɗai za ta mayar da kuɗin babban fim. Shi ya sa a 1924 kamfanin UFA na Berlin da kamfanin Aubert na Paris suka ƙulla yarjejeniyar rarraba finafinan juna. Daga 1925 kuma Jamus ta sa doka, kafin a shigo da fim ɗaya na waje sai an fitar da ɗaya na gida, to fim ɗin haɗaka yana shiga a matsayin ɗan gida. Fim ɗin kasada ya fi kowanne dacewa da wannan ciniki, domin tsalle da naushi ba sa bukatar tafinta. Ba ɗan rakiya a ciki. 'Yan kasuwa biyu ne da suka tsani juna suka haɗa jari don wani babban ɗan kasuwa ya tare musu ƙofar shago.

Na-Hambog:
Mun gode Akawu. Badamagare, tunda ka kawo wa ya riga wa, a duk Turai, a Berlin aka fara haska fim ga masu biyan kuɗi. 'Yan'uwan Skladanowsky, 1 ga Nuwamba 1895, a zauren Wintergarten. Naku 'yan'uwan Lumière sai 28 ga Disamba.

Badamagare:
Ina na'urar Skladanowsky ta ƙare? Ta Lumière ce ta zaga duniya. Riga malam masallaci ba shi ne limanci ba.

Na-Hambog:
To ga wata. Fim ɗin da Faransawa suka fi alfahari da shi a zamanin, Napoléon na Abel Gance da aka haska a Paris a 1927, da kuɗin wa aka fara shi? Kamfanin Westi, wanda attajirin Jamus Hugo Stinnes ya zuba wa jari. Sarkin yaƙinku ma sai da Bajamushe ya saya masa doki.

Badamagare:
Ka ƙarasa labarin mana. Stinnes ya mutu 1924, Westi ya durƙushe 1925, aiki ya tsaya cak sai da aka nemo wasu masu kuɗin. Dokin aro ne, ya mutu a tsakiyar hanya. Kuma ka daina ce min "naku".

Ɗan Garwa:
Ni abin naku mamaki yake ba ni. Ɗaya ya rungumi Jamus, ɗaya ya rungumi Faransa, mu a Kamaru duka biyun sun hau mu. Jamus ta riƙe mu daga 1884, a nan Garwa aka yi ta ɓarin wuta har Ingila da Faransa suka karɓe garin a 1915, sannan suka raba ƙasar kamar naman layya. Kuma tunda ana maganar jarumi, ba wanda ya faɗi babbar magana. Piel ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933, har yana cikin masu tallafa wa SS, rundunar jam'iyyar. Bayan yaƙi an tsare shi, an hana shi sana'a shekara biyar. Ku tuna cikin sojojin da Faransa ta girke a gaɓar kogin Rhine bayan 1918 akwai 'yan Afirka, jaridun Jamus suka yi ta zana su kamar dodanni. 'Ya'yan da suka haifa da matan Jamus, a 1937 gwamnatin Nazi ta tattara ɗaruruwansu ta yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfi. Jam'iyyar da mutumin ya ɗauki katinta ke nan. Na-Hambog, da kai da launin fatarka, shi kake kira jarumi?

Na-Hambog:
Ban ce waliyyi ne ba. Fim na 1925 nake magana, kai ka tsallaka 1933. Kuma su Nazi ɗin ma ai sun hana haska wani fim nasa a lokacin yaƙi saboda ya nuna harin jiragen sama kamar gaske.

Ɗan Garwa:
Don maigida ya mari yaronsa ba shi ne yaron ya bar gidan ba.

Malamin Hausa:
Kun ga abin da nake gudu. Da ɗan wasa aka ce tun farko, da ba wanda zai tambayi katin jam'iyyarsa. Jarumi yabo ne, shi ya sa ake bincikar hali.

Na-Hambog:
Malam don Allah ya isa haka. Mutum ya kawo tarihi, an bar jaki ana dukan taiki. A kan fim ɗin bebaye na shekara ɗari za a mai da ni ɗan Nazi?

Uwar Biyu:
A'a Na-Hambog, nan kuma ka taɓo ni. Fim ɗin bebaye kamar yaya? Ƙanena kurma ne tun yana shekara huɗu, sanƙarau ya taɓa shi. Duk finafinan da muke kallo a gida sai dai ya bi fuskokinmu ya yi dariya in mun yi. Ranar da na saka masa irin waɗannan tsofaffin a waya, shi ya riga kowa fashewa da dariya, ya dinga taɓa ni yana nuna min abin da ban lura da shi ba, wai ga wani can a bayan ƙofa tun ɗazu. Ranar mu ne muke bin fuskarsa. Kuma su ma ba shiru ake kallonsu ba, Baba Mai Majigi zai gaya maka, akwai mai kaɗa fiyano a gaban allo, manyan gidaje ma ƙungiyar makaɗa ce guda. Ka ce marar magana. Ka janye waccan.

Na-Hambog:
Na janye, Hajiya. Wallahi ban nufi haka ba. A gaida shi.

Malamin Hausa:
Ita ka janye mata nan take. Tawa tun jiya kake ja.

Na-Hambog:
Ita ba ta ce min ɗan koyo ba.

Malamin Hausa:
Ba ni na ce ba, yaro. Duba sama.

Na-Hambog:
Ina da 'ya'ya uku, Malam. A bar yaron nan.

Auta:
Na sake tambaya. Akwai wanda ya kalli fim ɗin a cikinku? Ko ɗaya daga na 1925 ɗin?

Na-Hambog:
Auta, uwayen finafinan Piel, wato ainihin faifan da ake buga kwafi daga jikinsu, fiye da saba'in ne suka ƙone a harin jiragen sama lokacin yaƙi na biyu, kusan duk aikinsa na zamanin rashin magana. Fim ɗin wancan lokacin ma ko ba bam yana kamawa da wuta kamar fetur. Ni na kalli wani nasa na 1927 na gidan wasan dabbobi, wanda yake tare da damisa, kuma na ga fasta da hotunan na 1925. Fastar kaɗai ta isa shaida.

Badamagare:
La ilaha illallahu. Kwana biyu muna yanka juna a kan fasta.

Na-Hambog:
Kai ka kalla ne da kake cewa Bourgeois ne malami?

Badamagare:
Ni ban ce na yi sati uku ina tono ba.

Akawu:
In an duba bayanina na sama, an amsa maganar 'yan rakiya tun jiya.

Shugaban Zaure:
To jama'a, muhawara ta kai kwana biyu, bisa doka zan rufe in taƙaita.

Ɗan'uwanmu Na-Hambog ya kawo ƙorafin cewa ba a karanta rubutunsa. Yanzu an karanta, har an yi masa yawa, wannan ya wuce. Hajiya Uwar Biyu ba ta yi laifi ba, dambu ba haramun ba ne a zaure, kuma muna jiran namu.

A kan Harry Piel, abin da na fahimta shi ne zaure bai gamsu ba. An nuna yana da mai shigar masa haɗari, an nuna tarihinsa na siyasa ba abin nunawa ba ne, wanda ya kawo shi ma fasta ya gani. Ɓangaren Faransa su ma ba su kawo wanda ya sa wuyansa ba, sai sunayen daraktoci. Akawu ya yi dogon lissafi wanda a gaskiya ban gama ba, amma inda na kai ya nuna ƙasashen biyu tsoron finafinan Amurka ne ya haɗa su, kuma mutum ba ya tsoron abin da bai fi shi ba. Wannan ya yi daidai da abin da na faɗa tun farko, kuma ku shaida ne ba wanda ya musa min ko da kalma ɗaya. Shiru kuwa amincewa ne. Don haka matsayar zaure ita ce Jamus da Faransa sun yi ƙoƙari daidai ƙarfinsu, amma jarumin zamanin fim marar magana shi ne Buster Keaton.

Na-Hambog da Badamagare ku nemi juna ta bayan fage ku sasanta. Maganar Nijar da Kamaru a kai ta zauren siyasa. An rufe.

Malamin Hausa:
Ranka ya daɗe Shugaba, kafin a rufe. Layin da ka ambaci Keaton, wace kalma ka sa?